Harbi a Cikin Lugude

Kunnena na hagu ya fara mutuwa. Likita ta ce tsufa ne da kuma shekarun da na yi a bakin titi, ta ba ni wani ɗan abu in riƙa maƙalawa, amma ba na sa shi idan zan fita, don ina tsoron ya faɗa ruwa in ina tsallakawa a feri. Na daɗe ina kasa jakunkuna da huluna a Canal Street, tsakanin hon na motoci da jiniya da rugugin jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ƙafafunmu, har na saba in ga bakin mutum yana motsi in gyaɗa kai ban ji abin da ya ce ba. Yanzu na bar tebur, ina zaune wurin 'yata a Staten Island, kusa da tashar St. George. Hayaniyar duniya tana ja da baya gare ni kaɗan-kaɗan. Amma akwai wata 'yar ƙara guda, wadda ba ta fi tarin jariri ba, ita kullum ƙara matsowa take yi.

Ɗana ne ya tono ta, bai kuma sani ba. Direban babbar mota ne, yana zaune can Pennsylvania inda gidaje ke da fili a baya. Matarsa ta shuka tumatir da kuɓewa, kurege ya hana su sakat, sai ya sayi bindigar iska. Ran nan ya zo gaishe ni, muna zaune bayan azahar, ya miƙo mini wayarsa yana murna.

"Baba, kalli wannan bidiyon. Akwai irin wadda aka yi ta ba ƙara. Ka harba, maƙwabcinka yana shan shayi a bayan katanga ba zai ji ba."

Na ce, "Kana da takarda?"

"Baba, can ba New York ba ne."

"Ka tambaya? Wa ka tambaya? Kada ka kuskura ka shigo da ita garin nan, ko da mantuwa. Ka duba bayan motarka kafin ka taso?"

'Yata ta leƙo daga kicin ta ce, "Yaya, ka ja mana. Yau sai ya sauka ya buɗe but ɗin nan da hannunsa, sau uku."

Suka yi dariya, ban kuma ji haushi ba, don gaskiya suka faɗa. Ni mutum ne da ke komawa ya duba murhu bayan ya kulle ƙofa, ya sake alwala don bai tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba. Na kara wayar a kunnen dama. Wani Bature ne yake harbin allo a bayan gidansa. Na ji ta: tas. Ita ce, ba ta canza ba. Na miƙa masa wayarsa na ce zan je in yi alwala, alhali ina da ita.

A garin da aka haife ni da kunne ake sanin lokaci. Da asuba guga ne ke bugun bakin rijiya. Da hantsi maƙeri ne, da kukan jakuna masu fita kasuwa. Idan rana ta karkata zuwa la'asar kuwa, gari duka sai ya ɗauki lugude. Yaran yanzu ba su san shi ba, tun kafin in bar gida injin niƙa ya fara cinye shi. Mata biyu ko uku ne a kan turmi guda, kowace da taɓaryarta, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har sautin ya zama kamar kiɗa, wata ma ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. A gidanmu uku ne: mahaifiyata, da yayata, da Iya kakarmu. Taɓaryar Iya ta fi nauyi, ta kirya ce, idan ta sauka har a tafin ƙafa kake jin ta. Muna gona muna jin lugude mu san tuwo ya kama hanya. Kaji su taru, kurciyoyi su sauko kan danga suna jiran tsabar da ta yi tsalle daga turmi. Ban taɓa tunanin wannan sautin abu ne mai ƙarewa ba. Yau a nan idan ina son fura sai 'yata ta danna wani inji ya yi kururuwar minti guda, shi ke nan, ba wanda ya san an yi abinci sai wanda ke cikin ɗakin.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai bindigar iska ɗaya tak a garin. Ya yi gadi a wata ma'ajiyar gyaɗa a birni, da maigidansa zai koma ƙasarsu ya bar masa ita don ɓeraye. Karya ta ake yi a tsakiya, a sa ƙwayar dalma guda ɗaya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Maharban garinmu kuwa adaka suke riƙewa, a ɗura albarushi a danna, in ta tashi sai hayaƙi ya rufe mai ita, karnuka su yi ta haushi har unguwar gaba. Sun raina ta Kawu ƙwarai. In ya wuce ta gindin tsamiya sai wani ya ce, "Mai bindigar amare, ɗazu harbi ta yi ko tusa?" Kawu ya ce, "Ku da harbi ɗaya kun kore dajin gaba ɗaya. Ina cika tukunya kuna can kuna laluben hularku a cikin hayaƙi."

Duk da ƙanƙantar ƙararta, Kawu bai gamsu ba. Ya naɗe jikinta da tsohuwar fatar akuya don kada ƙarfen ciki ya yi amo. Yakan shiga tsohon rumbun da babu hatsi ya harba ta wata kafa, ya ce ginin laka yana haɗiye sauran. Amma babbar dabararsa, wadda ban taɓa ji a wurin wani ba, ita ce jiran lugude. Ya ce tsuntsu ya saba da taɓarya tun yana cikin ƙwai, ba ya tsoronta. Sai ya durƙusa, ya saita, yana ƙirga bugun da leɓensa: ta yayata, ta mahaifiyata, ta Iya. Daidai saukar ta Iya zai ja kunama. Kurciya ta faɗo, 'yan'uwanta na gefe ba su ko ɗaga kai ba. Su kansu masu dakan ba sa sanin an harba sai sun ga ya miƙo musu nama. Na zauna kusa da shi damina biyu ina koyon ƙirgan nan, har na iya shi fiye da karatun allona.

Akwai abin da yake yi kafin kowane harbi wanda ni a lokacin nake gani ɓata lokaci ne. Sai ya ajiye bindigar, ya zagaya bayan danga da ƙafarsa ya ga abin da ke wurin, in ya tarar da mutum ya ce masa, "Zan harba ta nan, ka kauce." Wani lokaci kafin ya dawo tsuntsayen sun tashi. Na taɓa ce masa, "Kawu, to mene ne amfanin ɓoye ƙarar in za ka bi gari kana shela?" Ya dube ni ya ce, "Tsuntsu nake ɓoye wa, ɗan nan, ba mutane ba. Adaka in ta tashi kowa ya san ta tashi, ya kuma san wanda ya tashe ta. Wannan ba ta da baki. Dole mai riƙe da ita ya yi mata magana." Na ji, na gyaɗa kai, na ci gaba da ƙirga taɓarya.

Shekarar da aka yanka mini gayauna tawa ta kaina, ina jin na zama mutum, wata ranar kasuwa Kawu ya tafi garin gaba. Da la'asar lugude ya tashi. Na leƙa na ga wata ƙatuwar kurciya a kan dangarmu ta gabas. Na shiga ɗakinsa na zaro bindigar daga cikin jinka, na buɗe battar da yake ajiye dalma na ɗauki ƙwaya guda. Na tuna zagayen, wallahi na tuna. Amma na ce kafin in je in dawo ta tashi. Na durƙusa na ƙirga: ta yayata, ta mahaifiyata, ta Iya. Na ja. Ƙirgana bai kuskure ba ko kaɗan, ni kaina da kyar na ji ta. Kurciyar ta tashi lafiya lau. Sai daga bayan danga jaki ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin jaki ya yi ba, lugude ya tsaya cak. Na mayar da bindigar inda take, na goge hannuna a riga, na bi mutane muka fita.

Jakin maƙwabcinmu ne, wani dattijo mai fataucin kanwa, yana ɗaure a turkensa. Idonsa na dama ya fashe, jini yana bin fuskarsa, yana ta zagaya turken. Jakin nan shi ne gonarsa, shi ne kasuwarsa. Aka yi ta tambaya, wa ya ji wani abu? Ba wanda ya ji komai sai taɓarya. Sai idanu suka koma kan ɗansa Tanko, abokina, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya. Tanko ba ya rabuwa da danƙon harbi a wuya, ya kuma taɓa fasa tulun wata mata da shi. Ya ce, "Wallahi Baba ba ni ba ne. Wallahi yau ko dutse ban ɗauka ba." Uban ya ce, "Ka fasa ido, ka kuma haɗa da sunan Allah?" Dukan da ya yi masa a gaban jama'a ba na idon jaki ba ne, na rantsuwar ne. Ya tsinke danƙon ya jefa a murhu. Tanko yana ƙasa ya hango ni, ya ce, "Kai, gaya musu mana, ai ka san ban yi harbi ba yau!" Na ce, "Ni ina cikin gida." Ban yi ƙarya ba, a cikin gida nake. Na shekara fiye da hamsin ina juya kalmomin nan huɗu, ban sami ƙarya a cikinsu ba, ban kuma sami barci mai daɗi da su ba.

Kawu ya dawo kafin magariba, aka kira shi don ya san maganin dabbobi. Ina tsaye yana wanke idon da ruwan ɗumi, na ga yatsunsa sun tsaya, na ga ya dunƙule hannu ya sa a aljihu. Washegari a gona ya kira ni gefe, ya buɗe tafina ya ajiye mini ƙwayar dalmar, ta lanƙwashe. Bai zage ni ba. Ya ce, "Bindigar ba ta faɗa ba. Ni ma ba zan riga ka ba, don in na faɗa, ka zama wanda aka kama, har ka mutu. Je ka da ƙafarka." Na ce zan je. Kullum da safe in na gaishe shi sai ya ce, "Ka je?" In ce, "Zan je, Kawu." Da aka gama girbi zai tafi ci-rani, ya ce in ya dawo ya tarar ban je ba, zai kama hannuna ya kai ni. Ya tafi da bindigarsa. Bai dawo ba, zazzaɓi ya kashe shi a can. Na yi kuka ƙwarai, kuma Allah ya sani, a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sanyi da na ji a raina, wanda har yau nake neman gafararsa.

Jakin bai ƙara zama jaki ba. Duk abin da ya motsa ta damansa sai ya firgita ya zubar da mangala. Aka rabu da shi, dattijon ya koma ɗaukar kanwa a ka. Tanko kuwa maganarsa ta mutu a gidansu. In ya ce an yi ruwa a gona, sai uban ya aiki wani ya dubo. Samari suka laƙaba masa suna, Wallahi-ba-ni-ba, ya bi shi har bayan aurensa. Sau ɗaya ni ma na kira shi da shi a dandali, don kada a ga na yi shiru. Ya yi dariya tare da mu.

Na bar gida, na yi Legas, daga baya Allah ya kawo ni nan. Dalmar tana tare da ni a cikin 'yar jakar fata, duk filin jirgin da na bi sai da na yi gumi don tsoron na'ura ta gan ta. Na tambayi malamai a Harlem ba sau ɗaya ba, kullum in ce wani mutum ne ya aiko ni. Amsarsu ɗaya ce, haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. In yi godiya, in fito, in ce bari a sha ruwa, bari a sauko daga Arfa, bari in je gida da kaina.

Kwana biyu bayan zuwan ɗana na hau feri, na shiga jirgin ƙasa har 125th Street, wurin wani ɗan garinmu mai sayar da turare da man kaɗanya. Ya ce mini, "Alhaji, garin da kake tambaya ai babu shi. Bindigogin da ke tashi a can yanzu ba mai ɓoye ƙararsu. Kowa ya watse, turame na nan a tsakar gidaje ruwa ya cika su." Ya ce Tanko yana birni wurin 'yarsa, kunnuwansa sun tafi tun ranar da aka yi harbi a kusa da kansa suna gudu. Ya rubuta mini lambar 'yar a bayan kwalin turare.

Ban iya kira a gida ba, kada 'yata ta ji. Da safe na gangara tashar St. George, na sami wani lungu kusa da taga inda ake hango ruwa, na juya wa mutane baya. 'Yarsa ta ɗauka, muka gaisa, ta ce, "Baba, sai fa ka ɗaga murya sosai, zan kara masa a kunne."

Na ji muryarsa, ta tsufa amma ita ce. "Wa? Jikan Iya? Mai kunnen zomo? Kai, kana raye! An ce mini kana Amurka kana yi wa karnukan Turawa wanka."

"Tanko, magana ce da ni."

"Ban ji ba!"

"Maganar jakin babanku ce."

"Ɗaga murya, malam, ko ba ka karya ba?"

Duk rayuwata a hankali nake magana, har masu sayen jaka sukan ce in maimaita. Na duba baya. Tashar ta cika da masu tafiya aiki, ga ɗan sanda can tsaye da karensa. Na rufe ido na buɗe maƙogwaro.

"Ni na harbi jakin! Ni ne, Tanko! Ba kai ba ne!"

Wata mata da kofi a hannu ta ja da baya. Ɗan sandan ya juyo. Na ƙara danna wayar a kunnen dama.

Tanko ya ce, "Da me?"

"Da bindigar Kawu!"

"Ba a ji ƙara ba."

"A cikin lugude na sa ta! Daidai taɓaryar Iya!"

Ya ce, "Ashe." Ina jin numfashinsa da kukan wata akuya a bayansa. Sannan ya ce, "Ka san akwai shekarun da nake zama in ce ko dai ni ne na harba na manta? Kowa ya ce kai ne, kai kaɗai ka ce a'a, wata rana sai ka fara zargin kanka."

"Ka yafe mini, don Allah!"

"Dukan na yafe, ya daɗe da fita jikina. Sunan ma na yafe, masu kirana da shi duk sun mutu. Amma bari in gaya maka. Ranar da Baba zai rasu ya kama hannuna ya ce, Tanko, faɗa mini gaskiyar jakin nan in yafe maka in tafi. Na duba shi, na ga numfashi yana yi masa wuya. Sai na ce, ni ne, Baba. Ita ce ƙarya ta farko da na yi masa, ita kaɗai kuma ya yarda da ita. Ya shafa kaina ya ce ya yafe." Ya yi tari. "To ka gani, jikan Iya. Yafiyar taka ce, ni aka ba. Ban san ta inda zan miƙo maka ita ba."

'Yarsa ta karɓi wayar ta ce ya gaji, in sake kira wani lokaci, ta yi mini godiya da na tuna da su. Feri ya busa ƙahonsa, aka buɗe ƙofofi, jama'a suka kwarara suka bar ni ni kaɗai a jikin taga da waya a hannu. Na zaro 'yar jakar fatar, na yi niyyar in fita in jefa dalmar a ruwa, sai na ga ba ni da ikon yin haka. Na mayar da ita aljihu.

Kafin in hau tudu zuwa gida na kira ɗana, yana kan hanya da motarsa. Na ce masa duk ranar da zai harba abin nan, ya fara zagayawa bayan katanga da ƙafarsa, ya kuma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya gaya masa.

Ya ce, "Baba, ai amfaninta ke nan, kada ya ji."

Na ce, "Na sani. Je ka gaya masa."